Malam Halliru da Tatsuniyoyi Marasa Wutsiya

A zamanin da Turawan Ingila da na Faransa ba su daɗe da kafa turakun iyaka tsakanin Illela da Birnin Ƙonni ba, an yi wani mai rubuta wa mutane wasiƙa a bakin kasuwar Illela, ana ce da shi Malam Halliru. Alƙaluma uku yake sokewa a rawaninsa: ɗaya na ajami, ɗaya na boko, na ukun kuwa bakinsa ya tsage tun bara, ko ɗigo ba ya yi, amma Malam ya ce rawani ba ya zama daidai da biyu. Ya yi shekara ɗaya da rabi a makarantar boko a Sakkwato. In ka tambaye shi abin da ya dawo da shi gida, sai ya ce karatun ne ya ƙare. In ka tambayi taubashinsa Lawwali, mai fataucin goro, sai ya ce haƙurin malaman ne ya ƙare.

Wata ranar kasuwa mai shela ya ratso tsakanin rumfuna yana faɗin saƙon Maigari. Wai Baturen makaranta, wanda mutanen gari suka laƙaba wa Mai Jan Kunne saboda yadda rana ke gasa masa kunnuwa, zai sauka Illela nan da kasuwa uku. Yana neman tatsuniyoyin da za a buga a Zariya, a yi littafin da yara za su riƙa karantawa. Za a tara yaran gari a karanta musu. Wanda nasa suka yi wa yara daɗi, sunansa zai hau littafin.

Mai shela bai rufe baki ba Malam Halliru ya miƙe tsaye a kan buzunsa.

"A huta da shela!" in ji shi. "An samu mutum. Ku koma ku hwaɗa ma Maigari ya aika ma Bature ya taho da jaka babba."

Lawwali yana rumfar da ke kallonsa, yana yayyafa wa goro ruwa. Bai ko ɗaga kai ba ya ce, "Ubangidana, kai da wasiƙar da ka rubuta ma Buzun nan ta sa aka aiko mishi da jaki maimakon matarshi?"

"Rufe mini baki, bawana. Mi ɗan goro ya sani ga ilimi? Tatsuniya arba'in na cikin kan nan, kwance awa hatsi cikin rumbu."

"In sunanka bai hau ba hwa?"

Mutane sun fara taruwa, har da masu raƙuma. Malam Halliru ya dubi taron, ya ji kansa ya ƙara girma cikin rawani. Ya zare alƙaluman nan uku ya ɗaga sama.

"Ku shaida! In littahin nan ya hito babu sunana ciki, na ba Lawwali alƙaluman ga duka, in kuma ɗauki huhun goronshi bisa kaina, a ƙasa, har Ƙonni."

"Mun shaida!" in ji kasuwa baki ɗaya, har da wata mai fura da ba ta ji farkon maganar ba.

Da ya isa gida ya sa matarsa Zuwaira ta share masa zaure, ta shimfiɗa tabarma sabuwa. Ya dama tawada, ya fere alƙalami, ya jera takardu, ya hana kowa tari. Ya fara da ta Bushiya da Kura. Alƙalami ya kama gudu: ga Kura ta tsinci Bushiya a gindin kalgo, ta kai gida, ta jefa a tukunya, ta rufe da murfi, ta ɗora dutse, ta tafi neman itace. Ga Bushiya a cikin duhu ta fara waƙa.

Nan alƙalami ya tsaya.

Malam ya tsoma shi a tawada. Ya sake tsomawa. Ya dubi rufin zaure. To, daga waƙar sai me? Ya ajiye wannan ya ɗauko ta Dila da rijiyar mai gari. Ta tafi sumul har inda Dila ya leƙa rijiya, sai ta tsaya cak. Ya ɗauko ta yarinyar da ta bi tsuntsu daji. Yarinya ta shiga daji, ba ta fito ba. Kafin la'asar yana da tatsuniya goma sha biyu a gabansa, kowacce da kai da wuya da ƙirji, babu mai wutsiya.

Zuwaira ta shigo da ƙwaryar fura ta tarar yana fifita da takarda.

"Malam, an gama littahin? In kira maƙwabta su yi guɗa?"

"Ana cikin aiki."

Ta leƙa takardun, ko da yake ba ta san baƙi ko ɗaya ba. "Duk na ga rabinsu fari."

"Wurin hoto ne."

"Uhm." Ta ajiye ƙwarya ta durƙusa. "Gwaggo Baraka ta taɓa ba ni wani labari. Ta ce akwai wani yaro da ta rena, da an ce 'ga ta nan', ya amsa da ƙarhi ya hi kowa. Kahin a kai tsakiya..." Sai ta langaɓar da wuya gefe, ta saki baki, ta ja wani minshari mai ƙaramin fito a ƙarshe, irin wanda duk unguwar ta san mai shi.

Gaskiya ce tsantsa. Tun yana ƙarami Halliru bai taɓa jin ƙarshen tatsuniya ba. Da safe kuma in yara na maimaita ta, sai ya riƙa gyaɗa kai yana dariya inda suka yi dariya.

"Malam," in ji Zuwaira, ta sassauta murya, "in magariba ta yi in hwaɗa maka ƙarshen kowacce. Ba sai na ɗauko daga farko ba. Ta Bushiya ma baki biyu ce."

"Ke! Sunan wa za a buga, nawa ko naki? A ce Malam Halliru na Sakkwato ya durƙusa gaban murhu shina ɗaukar darasi? Kwashe ƙwaryarki."

Ta tashi da ƙwaryar.

"A'a, bar hurar. Ke dai tahi."

Washegari da hantsi ya nufi gidan Lawwali, wurin Gwaggo Baraka, ƙanwar mahaifin Malam, wadda duk Illela ta san babu mai tatsuniya kamarta. Da dare ba shi da hanya, don tsakar gidan cike yake da matan Lawwali da na maƙwabta da 'ya'yansu, ƙato mai gemu ba ya kutsa kai can. Ya same ta a ƙofar ɗakinta tana kaɗi. Ya gaishe ta, ya ajiye mata ɗan ƙullin taba, ya yi gyaran murya.

"Gwaggo, na zo in gwada ki ne. An ce tsuhwa ta fara taɓa miki tatsuniyoyi. Hwaɗi ta Bushiya in ji ko tana nan daidai."

"Da rana tsaka?" Ta dube shi ta ƙasan ido. "Kai ba ka san mai tatsuniya da rana ɓata yaka yi cikin kasuwa ba?"

"Camhi ne, Gwaggo. Mu da munka yi boko..."

"To kai da ka yi boko hwaɗa mini ita, ni in gwada ka."

Malam ya tuna yana da wani aiki na gaggawa.

Amma a hanya dabara ta faɗo masa, har ya tsaya ya yi wa kansa kirari. Tunda tsohuwa ba ta yi sai da dare, ai sai a kawo mata dare.

Ya jira ranar da Lawwali ya tafi cin kasuwa garin Araba. Bayan azahar, gida ya yi tsit, Gwaggo ta kishingiɗa. Malam ya lallaɓo ya kwashe jiƙaƙƙun buhunan da aka lulluɓe goron Lawwali da su a zaure, ya haɗa da tabarmi biyu da bargon doki. Ya toshe 'yar tagar ɗakin, ya cusa tsumma a duk wata kafa, ya shiga ya saki bargo a bakin ƙofa. Ɗaki ya yi baƙi ƙirin.

"Gwaggo! Gwaggo, tashi, dare ya yi."

Tsohuwa ta kasa kunne. A waje ana daka, kaji na ƙorafi, wata mai tallan ƙosai na wucewa.

"Ikon Allah," in ji ta. "Daren bana har da tallan ƙosai."

"Zamani ne, Gwaggo. Tun zuwan Nasara komi ya rikice."

"Haka ne, ɗan nan. To tunda kai malami ka ce dare ne, alhakin na wuyanka. In an ɓata, kai ka ɓata. Zauna."

Ya zauna, ya shimfiɗa takarda a gwiwa, ya tsoma alƙalami. A lokacin ne ya gane cewa wanda ya kawo dare bai kawo fitila ba. Ko hannunsa ba ya gani. Ya ce a ransa ba komai, kai ai ya fi takarda.

"Ga ta nan, ga ta nanku," in ji Gwaggo.

"Ta zo mu ji ta!" in ji Malam da ƙarfi.

Muryar Gwaggo ba ta canza ba tun yana ɗan shekara biyar. Kura ta tsinci Bushiya. Malam ya buɗe ido iyakar buɗewa. Kura ta ɗora dutse. Malam ya mintsini cinyarsa. Ɗaki ga duhu, ga ɗumi, ga ƙamshin ganyen goro. Gwaggo ta ja waƙar a hankali:

"Tukunya, tukunya, 'yar baƙa,
Mai gidanki ta tahi itace..."

Abin da Malam ya sani bayan wannan shi ne haske ya mare shi a fuska. Lawwali ne tsaye da bargo a hannu, bayansa mata da yara sun cika ƙofa. Tawada ta kife ta bi gemun Malam ta sauka a riga. Gwaggo na gefe tana kaɗinta.

"Ina kwana, ubangidana?" in ji Lawwali. "An tashi lahiya? Goro na can zaure ya bushe awa tsakuwa, ashe buhunan na nan suna aikin ilimi."

"Ba kwana nike ba. Nazari nike."

"Mun ji nazarin tun daga bakin rijiya," in ji wata daga cikin matan, sauran suka tuntsire da dariya.

Malam ya tattara takardunsa ya fita da sauri, yana cewa Gwaggo ta ci jarrabawa, tatsuniyarta na nan daidai.

Saura kwana uku. Ya tare wasu yara a gindin tsamiya da dabino cike da aljihu. Ya ce zai ba duk wanda ya faɗi yadda Bushiya ta ƙare, don ya ga masu ƙwaƙwalwa. Yara suka dubi dabino, suka dubi rana, suka dubi juna. Wata 'yar shekara takwas mai suna Umma, mai tsiwa kamar barkono, ta riƙe ƙugu.

"Mu ba mu son mu ɓata kasuwa. Kai hwaɗi, Malam, in ka yi daidai mu ce maka."

"Ni ka tambaya ko ke?"

"To ba mu dabinon mu riƙe maka kahin dare."

Ya ba su don su tafi. Suka tafi.

A daren ya kwana yana saƙa da warwara. Da gari ya waye sai ga shi ya fito zaure fuska a sake. Shi fa wane ne? Shekara goma sha ɗaya yana fitar da mutane daga matsala da alƙalami. Wanda aka ƙwace wa gona, wanda jakinsa ya tsallaka ƙasar Faransa, wanda surukinsa ya hana shi mata, duk wurinsa suke zuwa, kuma magani ɗaya ne. Don me Bushiya za ta fi su? Cikin kwana biyu ya yi wa tatsuniya goma sha biyu wutsiya, ya ɗinke su da zare, ya sa a gafaka. Ya ce wa Zuwaira ta wanke masa babbar riga, ta kuma fara koyon yadda matar marubuci ke tafiya.

Ta gwada masa nan take, daga murhu zuwa rumbu, hanci a sama, tsinken tsire uku a ɗankwali. Bai yi dariya ba. Ya ce ta ɗan rage sauri.

Ranar ta zo. Aka yi shimfiɗa a ƙarƙashin babban durumin ƙofar Maigari. Maigari na zaune da dattawansa, Mai Jan Kunne na kan kujerar tafi-da-gidanka da ɗan littafi a hannu, malaminsa na gefe da alƙalami. Kasuwa ta watse rabi ta dawo nan. Mata suka tsaya bayan darnin kara suna leƙe. Da farko iyaye sun hana yara zama, don rana na tsaka. Malam Halliru ya ɗaga hannu.

"Jama'a, wagga ba tatsuniya ba ce, littahi ne. Littahi ba ya da dare ba ya da rana. In akwai ɓata, ni na ɗauka."

"Karo na biyu ke nan," in ji muryar Gwaggo Baraka daga bayan darni.

Aka zaunar da yara, Umma a sahun gaba. Bature ya gyara zama ya yi magana da Hausarsa ta cikin littafi, kowace kalma da rigarta.

"Malam Halliru, ina gajiya? Ina labari? Madalla. Ni ina murna ƙwarai da gaske. Yanzu sai ka karanta, yara kuma za su yi hukunci."

Malam ya buɗe gafaka kamar mai fito da zinariya. Kuma a gaskiya farkon ya yi kyau. Ya yi muryar Kura, yara suka matso. Ya ɗora dutse a kan murfi, yara suka riƙe numfashi. Da ya zo waƙa ya karanta ta kamar mai karanta sammaci, amma yara suka karɓe suka rera da kansu har da tafi. Bature na ta gyaɗa kai yana zane-zane a ɗan littafinsa. Malam ya saci kallon Lawwali, ya shafa alƙalumansa, ya juya shafi.

"Sai Bushiya ta ɗauki alƙalami ta rubuta. 'Takarda ta hito daga hannun Bushiya, mazauniyar tukunya, zuwa ga Alƙali, Allah shi daɗe da ranshi. Gaisuwa mai yawa da so da yarda da aminci. Bayan haka, ina sanar da kai Kura ta ruhe ni ba bisa ƙa'ida ba...'"

Umma ta miƙe.

"Malam," in ji Umma, "wa ya ba ta alƙalami cikin tukunya?"

"Da shi ta shiga."

"Ina ta ga haske?"

Lawwali ya ce daga baya, "Wagga tambaya Malam ya san zahinta." Mutanen da suka ji labarin bargo suka fara kyarma da dariya.

"To wa ya kai takardar?" in ji wani yaro.

"Ba a katse malami! '...Ina roƙo a aiko dogari. Haza wassalam.' Alƙali ya aiko, aka kama Kura, aka yi sulhu. Ta ƙare."

"Ba haka ba ne!" Yara suka ɗauka gaba ɗaya. "Ba haka ba ne! Ƙarya ce!"

Kunnuwan Bature suka ƙara ja. "Wataƙila," in ji shi, "ta biyu ta fi daɗi."

Ta biyu, Dila ya faɗa rijiya ya rubuto wa Alƙali daga ciki. Ta uku, yarinyar da ta bi tsuntsu ta aiko da takarda daga daji tana gaida iyayenta da duk wanda ya tambaye ta. A ta huɗu jaki ne ya mutu tun a tsakiya, amma bai hana shi rubutowa ba. Nan Maigari ya ja rawani ya rufe bakinsa, kafaɗunsa na rawa. Alƙalin garin kuwa, wanda ke zaune a dama da shi, ya ce a hankali shi dai bai taɓa samun ko ɗaya daga cikin takardun nan ba.

Bature ya ɗaga hannu. "Yara, in wannan ba daidai ba ne, wane ne ya san daidai?"

"Gwaggo Baraka!"

Aka yi ta roƙo kafin ta fito, lulluɓe da zane, tana dogara sanda. Ta gaida Maigari, ta dubi Bature sama da ƙasa, ta ce ita ba ta yi da rana.

"Gwaggo," in ji Maigari, "ai Malam Halliru ya riga ya ɗauki ɓatan gaban shaidu."

"To, in haka ne."

Malam ya ga ƙofa ta buɗe. Ya matso da sauri ya zauna gaban tsohuwa, ya baje takarda. "Ranka shi daɗe, dama haka na shirya. Ita ta hwaɗa, ni in rubuta, in gyara mata inda ta kauce. Ai tare muka aiki."

"Madalla," in ji Bature, amma ya yi wa malaminsa ido shi ma ya rubuta.

Yanzu ga haske, ga alƙalami, ga takarda. Abu ɗaya kawai ake so ga Malam Halliru, ya kai ƙarshe ido biyu. Ya jefa goro guda a baki. Ya zauna a kan tsakuwa mai tsini da gangan. Sai dai kwana biyu bai yi barcin kirki ba saboda wutsiyoyi, ga tuwon da ya loda don ƙarfin murya, ga inuwar durumi, ga iska na kaɗawa.

"Ga ta nan, ga ta nanku."

"Ta zo mu ji ta!" Muryarsa ta fi ta yara arba'in.

Kura ta tsinci Bushiya. Alƙalami na gudu. Kura ta ɗora dutse. Alƙalami na tafiya. Tukunya, tukunya, 'yar baƙa. Alƙalami na rarrafe, ya ja wani dogon layi har ya sauka daga takarda ya hau gwiwa.

Da Malam ya buɗe ido, inuwa ta koma gabas. Yara na ta tsalle suna ihu, "Ta hita! Ashe haka ta yi!" Maigari na share hawaye. Bature ya ajiye ɗan littafin zanensa yana tafi da hannu bibbiyu. Kuma duk taron, daga dattawa har masu raƙuma, kallonsa suke. Daga bayan darni wata murya da ya sani sarai ta ja minshari mai ƙaramin fito a ƙarshe, taro ya sake fashewa.

"Malam Halliru," in ji Bature, "ina gajiya?"

Malam ya zabura. Ya ja rawani ya rufe fuska har ido, ya bar gafaka da takalmi ɗaya, ya faɗa cikin kasuwa. Ya ratsa 'yan gishiri, ya tsallake tukwane, ya shige tsakiyar wani ayarin raƙuma don kada a gan shi, kansa a ƙasa, yana bin ƙafafunsu. Raƙuma suka tafi, ya tafi. Shi a lissafinsa ya kusa ƙofar gidansa. Sai ya ji an daka masa tsawa da wani harshe da ba a koyar da shi a Sakkwato ba. Ya ɗaga rawani. Ga turken iyaka can bayansa, ga wani gardin Faransa mai tsaron iyaka da jar hula yana miƙo hannu a ba shi takardar wucewa.

Mai alƙaluma uku ba shi da ko ƙyallen takarda.

Lawwali ne ya zo ya karɓe shi kafin magariba, don gardin abokin cin goronsa ne. Ya ɗora shi a jaki.

"Da ka hwaɗa mini Ƙonni za ka, ubangidana, da na aza maka huhun tun yau."

"Iyaka na zo dubawa."

A ƙofar gida suka tarar da Gwaggo. Ta dubi Malam a kan jaki. Ta tambayi Lawwali ko a cikin kasuwa aka ɓata ko a bayanta.

Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Ran nan masinja ya kawo wa Maigari ƙunshi daga Zariya. Kafin azahar labari ya game gari: littafi ya fito, a bangonsa an rubuta, daga bakin Baraka ta Illela. Lawwali ya ɗaure huhun goro mafi nauyi, ya sa aka ɗauko masa har bakin kasuwa, shaidu na biye. Ya miƙa hannu.

"Alƙaluma, ubangidana."

Malam Halliru ya karɓi littafin daga hannun shaidu. Ya duba bango, babu. Ya buɗe shafin farko, sai ya tsaya. Ya kai shi kusa da ido. Sannu a hankali ƙirjinsa ya fara tasowa.

Ashe zanen da Bature ke yi a gindin durumi ba rubutu ba ne. Ga mutum nan zaune, wuya a langaɓe, baki a buɗe, alƙaluma a rawani, har da ƙuda ɗaya a kan hanci. A ƙasa an buga da manyan baƙaƙe: Malam Halliru na Illela yana sauraron tatsuniya.

"Jama'a!" Ya miƙe a kan buzu ya ɗaga littafin. "Mi na ce? Na ce in babu sunana ciki. Wanga sunan wa ne? Hoton wa ne? Ku duba ko akwai hoton Gwaggo! Shahi na farko, bawana, kahin Kura, kahin Bushiya, kahin kowa!"

"Kwana kake a ciki!"

"Nazari. Bature ya san nazari in ya gan shi. Ɗauki goronka."

Shaidu suka yi shawara, suka ce suna dai ya shiga. Lawwali ya ɗauki huhunsa da kansa, yana cewa wannan ƙudan ma ya fi wasu aiki a littafin.

Tun daga ranar Malam ya ƙara alƙalami na huɗu. Kullum bayan la'asar yara kan cika zaurensa a karanta musu littafin Malam, don shi ya sa su riƙa kiran littafin haka. Ya kan fara nuna musu hoton, sannan ya buɗe ta Bushiya. Umma ta taɓa ce masa ya juya shafin ƙarshe kawai ya gani, ya ce malami ba ya tsallake shafi.

Sai ya karanta. Kura ta tsinta, Kura ta rufe, Kura ta ɗora dutse. Yara su ɗauki waƙa. Wajen baiti na biyu muryar Malam ta fara nisa, littafi ya kwanta a ƙirjinsa.

Nan Zuwaira kan leƙo, ta zare littafin a hankali ta sa a gafaka, ta kore masa ƙuda. Ta dubi rana, ta ce wa yara su dawo in an yi magariba. Su dawo, ta ƙarasa musu a tsakar gida da muryar Kura da ta Bushiya da ta Bature in sun roƙa, ƙasa-ƙasa don kada a tashi marubuci.

Da safe in yara na maimaitawa a ƙofar gida, Malam Halliru na zaune a kan buzunsa da alƙaluma huɗu, yana gyaɗa kai, yana dariya inda suka yi dariya.